AN YAFE KUƊIN HAIHUWA, INA MAI KARƁAR HAIHUWAR?

Zuwa ga rassanmu na Magarya da Dungas, da na Bande, Waca, Kwaya, Yekuwa, Sasumburum, Guci, Malawa da Dogo-Dogo, da dukan kasuwannin da takardar nan za ta isa.  

Ƴan'uwa, sau biyu ke nan gwamnatin ƙasarmu tana yi wa talaka babbar shela a kan maganar likita. Ta fari ita ce ta zamanin Shugaba Tandja Mamadou, inda aka ce daga 2005 fiɗar mai naƙuda kyauta ce, daga 2006 kuma maganin yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta ne, haka awon ciki. Ta biyu ita ce ta watan Agusta 2024, inda aka ce daga 1 ga Satumba an rage rabin kuɗin magani a gidajen likita na gwamnati, haihuwa kuwa an yafe kuɗinta ɗungum. Mun ji, mun kuma yi murna, domin duk wanda ya taɓa sayar da akuya don ya fanshi takardar magani ya san amfanin wannan ragi.

Amma fa shela ba ta yanke cibiya. Takardar doka ba ta iya neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse. Mutum ne ke yin wannan aiki, watau ma'aikacin jinya da ungozoma, su ne kuwa kowace gwamnati ta manta da su, ta farar hula da ta soja. An yi kyauta, an sha taɓi a Yamai, sa'an nan aka bar nauyin kyautar a wuyan ƴan mutane kaɗan waɗanda ba su isa aikin ba, da yawa cikinsu kuma ba a biyansu abin kirki, wasu ma ba a biyansu ko dala. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Wannan ita ce maganar da muke so kowane reshe ya fahimta, ya kuma iya bayyana ta ga jama'a ran kasuwa.

MU YI LISSAFI

Kada mu tsaya ga ihu. Ku ɗauko allo mu yi lissafi irin na ƴan lakkol, wanda ba ya bukatar babban ilimi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da 570,000 a gundumar Magarya, da fiye da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka yanka daga jikin Magarya a 2011. In an haɗa, mutum fiye da 900,000 ke nan. Wannan lissafin 2012 ne, kowa kuwa ya ga yadda ƙauyuka suka cika suka batse tun daga lokacin. Amma mu tsaya a kan tsohon adadin, don kada wani ya ce mun ƙara gishiri.

A Nijar, cikin kowane mutum 1,000 akan sami haihuwa wajen 45 a shekara. To, a gundumomin nan biyu haihuwa fiye da 40,000 ke nan kowace shekara, watau fiye da 110 a kowace rana ta Allah, da rani da damina, da Juma'a da ranar salla. Masana harkar lafiya na duniya sun daɗe da aunawa cewa cikin kowace mace 100 mai ciki, wajen 15 za su gamu da matsalar da ke neman ƙwararren hannu da gaggawa: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, ɗa ya zo a gicciye, ko mabiyiya ta ƙi faɗuwa. A ƙasarmu ta Magarya da Dungas mata 16 ko 17 ke nan kullum rana, waɗanda ransu yake rataye ga tambaya guda: in sun isa gidan likita, za su tarad da wadda ta san aikin, tana farke, tana da ƙarfin tsayawa?

Ga lissafi na biyu. Mako yana da awa 168. Doka ta ce ma'aikaci ya yi awa 40. Ɗakin haihuwa kuwa ba a rufe shi, domin naƙuda ba ta duba agogo. Raba 168 gida 40, za ka sami huɗu da ɗoriya. Watau kafin a ce ɗakin haihuwa yana da ungozoma dare da rana, tilas a aje mata huɗu ko biyar masu karɓar juna, ban da hutu, ban da rashin lafiya, ban da ranar da ita kanta ungozomar za ta haihu. Yanzu kowa ya tuna da gidan likitan garinsu. Ungozoma nawa ke ciki? Inda aka sami ɗaya ana cewa an yi sa'a. A wurare da yawa majo ne kaɗai, shi ke duba marasa lafiya da safe, shi ke rigakafi, shi ke cika rijista da rahoton wata, shi ke zuwa taro a babban gari, shi kuma ake buga wa ƙofa da tsakar dare in amalanke ya kawo mai naƙuda. Mutum ɗaya yana ɗauke da kayan mutum biyar, sa'an nan muna mamaki in ya gaji.

Ma'aunin da ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu ta daɗe tana ambatawa a takardunta shi ne ma'aikacin jinya 1 ga mutum 5,000, da ungozoma 1 ga mata 5,000 masu shekarun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2016 ƙasa tana bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi, a haɗe, fiye da 4 ga kowane mutum 1,000. Nijar ba ta kai ko 1 ba. Ɗan abin da muke da shi ɗin ma ba a raba shi daidai ba: kaso mai yawa yana Yamai da manyan birane, talakan karkara kuwa, wanda shi ne mafi yawan ƴan ƙasa, ya sami ragowa.

MUTUM UKU, AIKI ƊAYA

In ka shiga gidan likita za ka ga fararen riguna, ka zaci duk ɗaya suke. Ba ɗaya ba ne, ƴan'uwa. Iri uku ne.

Akwai ma'aikacin gwamnati cikakke, mai lambar aiki. Shi yana da albashi, yana da ƙarin girma, yana sa ran fansho. Albashin nasa ba ya kai shi ƙarshen wata, amma dai yana zuwa. Irinsa ne mafi ƙaranci a karkara.

Akwai ɗan kwantaragi. Makarantarsu ɗaya da na farko, takardar shaidarsu ɗaya, allurar da yake yi ita ce wancan ke yi, kwanan gadi ma sau da yawa shi ya fi yi. Amma abin da ake ba shi bai kai na wancan ba, yakan kuma makara, ba shi da tabbacin gobe. Yana iya shekara da shekaru yana jiran ranar da za a ba shi lamba. Mu malaman lakkol mun san ɗacin wannan tuwo sarai, domin a kanmu aka fara tuƙa shi, har aka wayi gari ƴan kwantaragi sun fi cikakkun malamai yawa a makarantun firamare.

Akwai kuma na uku, wanda shi ne abin kunyar ƙasa: ɗan sa-kai. Yarinya ce iyayenta suka sayar da hatsi da dabba suka biya mata makarantar koyon aikin lafiya, ko ta gwamnati da ke Damagaram, ko ɗaya daga masu zaman kansu da suka yawaita. Ta gama, ta karɓi takarda, ba a ɗauke ta aiki ba. Don kada hannunta ya mance abin da ya koya, don kuma tana fatan ranar da za a ɗauki ma'aikata a tuna da ita, sai ta tafi gidan likita tana aiki ba albashi. In majo mai tausayi ne ya ba ta na sabulu. Ita ce ke karɓar haihuwar matanmu da dare. Tun farkon 2024 doka ta ce mafi ƙanƙantar albashi a Nijar jikka 42 ne, a da jikka 30 ne da ƴan daloli. In ɗan kasuwa ya sa yaro aiki bai biya shi ba, an ce ya taka doka. To, yaya sunan hukumar da gidajen likitanta ke tafiya da gumin mutanen da ba ta biya?

Ku lura da wannan da kyau, domin nan ne ƙaryar masu cewa babu ma'aikata take ƙarewa. Ma'aikata suna nan. Ga masu takarda zaune a gida a Damagaram da Maraɗi da Yamai, ga ɗakunan haihuwa a ƙauye babu kowa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

YADDA AKA ZO NAN

Ruwa ba ya tsami banza. Zamanin Nasara, ƙasar Magarya ita ce uwar gyaɗa. An kafa sikeli a kowace kasuwa, an ƙirga buhu, an ƙirga kan mutum don haraji, ba a taɓa kuskuren wannan ƙidaya ba. Amma makarantar da ke horad da likitoci da ungozomomi ƴan Afirka tana can Dakar, an buɗe ta a 1918, ita kaɗai ga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Mutum nawa ƙasa mai nisa kamar tamu za ta samu daga can? Muka karɓi mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960 da ƴan ma'aikatan lafiya da ba su taka kara sun karya ba. Wannan laifin Nasara ne, ba mu kuwa yafe ba. Amma an fi shekara 60 da tafiyarsa, abin da ya biyo baya namu ne.

Da kuɗin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, gwamnati ta je neman bashi wurin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Sharaɗinsu shi ne a tsuke bakin aljihu, a rage ɗaukar ma'aikata. Aka daina ɗaukar mutum aiki kai tsaye in ya gama makaranta. A taron Bamako na 1987 aka fito da tsarin da ya ce mara lafiya ya biya wani abu daga aljihunsa, Nijar ta mai da shi doka a 1995. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, magani da ake sayowa waje ya yi tsada. Cikin shekarun 1990 ma'aikata sun yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni. Jama'a kuwa ba ta daina ƙaruwa ba. A cikin wannan rami aka haifi kwantaragi da sa-kai, aka ce na ɗan lokaci ne. Ga shi har yau ana ciki.

Daga 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, har suka kai wajen 2,000 a faɗin ƙasa. Aiki ne mai kyau, ya kuma ceci rayuka. Amma waɗanda aka zuba a ciki mafi yawansu horon ƴan watanni suka samu. Suna iya ba da maganin masassara da na gudawa, ba a koya musu tsai da jinin mai jego ba. Gini ya yi gaba, ma'aikaci ya tsaya baya.

Sa'an nan kyautar 2006 ta zo. Tsarin shi ne gidan likita ya duba yaro kyauta, ya rubuta takardar kuɗi ya aika, gwamnati ta biya. Jama'a suka yi tururuwa, aiki ya ninka. Biyan kuwa ya riƙa makara, wata da watanni, wani lokaci shekaru, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa. Da wane kuɗi majo zai sayo magani? Kanta ta bushe. Uwa ta zo da ɗanta, rediyo ya gaya mata kyauta ne, majo ya miƙa mata takarda ya ce ta je ta saya. Wa za ta zaga? Wanda ke gabanta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Abin da muke tsoro ke nan game da ragin 2024: in an rage kuɗin da ke shiga akwatin gidan likita, ba a cike gurbin a kan lokaci ba, ba a kuma ƙara hannuwa ba, to tarihi zai maimaita kansa a kan wuyan mutanen nan dai.

DAMINAR 2018

Wanda ke ganin maganar nan wasa ce ya tuna da 2018. Kowa a nan ya san lokacin da ya fi tsanani: daga tsakiyar damina zuwa kaka, sa'ad da rumbu ya ƙare, sauro ya yi yawa, masassara da tamowa suka haɗu a jikin yaro guda. A watan Satumba na shekarar, ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, watau MSF, wadda ta fara aiki a Magarya tun yunwar 2005, ta sanad da duniya cewa wajen yara 10 ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magarya cikin watan da ya gabata. Sashen mai gado 450 yana ɗauke da yara 730, 208 daga cikinsu suna tsakanin rai da mutuwa. Sai da ƙungiyar ta tattaro ma'aikata 243 daga sassan Nijar da ƙasashen waje kafin a iya riƙe aikin.

Ku yi tunani a kan adadin nan na 243. Cutar ba sabuwa ba ce, maganinta sananne ne, lokacin zuwanta ma sananne ne kamar lokacin shuka. Hannuwa ne suka yi ƙaranci. Yara da yawa kuma sun iso asibiti a makare, jini ya ƙare, jiki ya saki, domin tsakanin ƙauyensu da Magarya ba su sami wanda zai tare cutar tun tana ƙarama ba. Yaron da aka gwada jininsa aka ba shi magani a rana ta fari, da wuya ya kai ga gadon ƙarin jini.

Muna gode wa baƙin da suka taimaka, Allah ya saka musu. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Mai taimako yana da ranar zuwa, yana da ranar tafiya, ba kuma mu ke yanke masa ranar ba. A 2023 da aka rufe mana iyakoki mun ga yadda magani ya yi wuya. A 2025 Amurka ta datse mafi yawan taimakon da take bai wa ƙasashe, dare ɗaya, ba ta shawarci kowa ba. Ƙasar da ke cewa ta tsaya da ƙafarta, tilas ta iya biyan wadda ke karɓar haihuwar ƴaƴanta. In ba haka ba, ƴancin na baki ne.

AMSA GA MASU HUJJA

Za ku gamu da masu kare wannan hali. Ga hujjojinsu, ga kuma amsarsu.

Na fari zai ce babu kuɗi, ƙasa matalauciya ce, ga yaƙi da ƴan ta'adda. Gaskiya ne yaƙi yana cin kuɗi, ba kuwa mai hankalin da zai ce a bar soja hannu banza. Amma ku tambaye shi: kafin yaƙin fa? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin sa 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu a kan lafiya. Nijar tana cikin masu alkawarin, ba ta kuwa cika shi ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a nan jiharmu ta Damagaram. A 2024 ɗanyen mai ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin, bututun kuwa ta jiharmu ya ratsa. A 2011 gwamnati ta ɗauki likitoci fiye da 500 a karo guda, domin ta ga dama. Ashe in an so ana iyawa. Kuɗi kaɗan ne, mun yarda, amma wa ke gaba a layin rabo, wa ke baya? Nan maganar take.

Na biyu zai ce ma'aikatan nan ba su da kirki, suna yi wa mata tsawa a ɗakin haihuwa, suna karɓar na goro, suna sayar da magani a ɓoye. Ba mu musa ba, akwai masu yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ta zagi mace tana naƙuda ta yi laifi, a hukunta ta, takardar nan ba za ta kare ta ba. Amma wa zai hukunta ɗan sa-kai? Da me za ka tsorata wanda ba ka biya? Ka kore shi, ka rufe ɗakin? Hukuma ta san in ta bi diddigi aikin zai tsaya, shi ya sa take kau da kai. Rashin biya shi ke haifar da karɓar na goro, shi kuma ke ɗaure hannun mai hukunci. A biya mutum hakkinsa cikakke a kan lokaci, sa'an nan a sa masa ido, wanda ya ci amana a fid da shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai an ba da ladan tukuna.

Na uku zai ce ungozomomi ne ba su son ƙauye, da an tura su sai su nemi hanya su koma birni. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, muna kuma Allah wadai da manyan da ke ɗaga waya don a mai da ƴar wane ko matar wane birni, a bar ƴar talaka a daji har abada. Amma ku duba abin da ake tura yarinyar nan ta tarar. Ba gidan kwana, ba wuta, ruwa sai an saya, mijinta yana aiki wani gari, ba wadda za ta karɓe ta ko kwana ɗaya, in ciwo ya fi ƙarfinta motar ɗaukar mara lafiya tana nesa, hanya kuwa rairayi ne da rani, laka da damina. Albashinta daidai yake da na wadda ke zaune a Yamai kusa da iyayenta, ko ma bai kai ba. Wane ne cikinmu zai tura ɗiyarsa haka da daɗin rai? Mai son tsuntsu ya zauna, sai ya yi masa sheƙa.

Na huɗu zai ce kakanninmu a gida suka haihu, ga mu kuwa. Ga mu, gaskiya, mu da muka rayu. Waɗanda ba su rayu ba ba su da bakin magana. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cikin haihuwa 100,000 mata 535 ke rasa ransu, ya kuma nuna cikin haihuwa 10 ko 3 ba su cika ba waɗanda ƙwararren ma'aikaci ya karɓa. Ban da masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta lalata, miji ya sake su, dangi suka guje su. Muna girmama ungozomar gargajiya, tsohuwa ce mai amana, amma ita kanta ta san inda iyawarta ta tsaya.

IN AN BA SU, SUNA YI

Kada kowa ya ce kuɗin da aka kashe a kan ma'aikatan nan asara ne. Tsakanin 1998 da 2009 mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1,000, har duniya ta riƙa ba da misali da mu. Haka kuma wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta hanyar zubar jini bayan haihuwa ta ragu da fiye da rabi a gidajen likitan Nijar cikin ƴan shekaru, ta hanyar abubuwa masu araha: ƴan ƙwayoyin magani, da wata ƴar robar da ake hurawa cikin mahaifa ta danne jini, da wata rigar matsi da ke riƙe mace har a kai ta babban asibiti. Wa ya yi wannan aiki? Majo da ungozoma da ɗan kwantaragi da ɗan sa-kai, su ɗin nan da ake rainawa. Sun nuna abin da suke iyawa da ɗan abin da aka ba su. Saura a biya su, a kuma ƙaro musu ƴan'uwa.

ABIN DA MUKE NEMA

1. A ɗauki ƴan kwantaragin lafiya aiki cikakke, a fara da waɗanda suka fi daɗewa a karkara.

2. A kawo ƙarshen aikin sa-kai mara albashi. Duk mai takarda da ke kwanan gadi a gidan likitan gwamnati a rubuta sunansa, a biya shi abin da bai gaza mafi ƙanƙantar albashi ba, har ranar da za a ba shi lamba.

3. Kowane gidan likita da ake haihuwa a cikinsa a Magarya da Dungas ya sami ungozoma biyu a ƙalla, don ɗaya ta yi barci ɗaya ta tsaya. Biyu ba su kai lissafinmu ba, amma a fara da su.

4. A gina wa ma'aikaci gidan kwana kusa da wurin aiki, a ba shi kuɗin zaman karkara, a kuma yanka masa shekarun da in ya cika zai sami canjin wuri ba sai ya san wani babba ba.

5. A ɗauki ƴan matan yankin nan da suka gama kwaleji a horad da su aikin ungozoma da kuɗin gwamnati, bisa sharaɗin su dawo su yi wa garuruwansu aiki. Ƴar gida ba ta gudun gida.

6. Kuɗin kyauta da na ragi da gwamnati ta ɗauki nauyi, a biya gidajen likita a kan lokaci, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka biya da abin da ya saura.

7. Kafin kowace damina a tanadi ƙarin ma'aikata na lokacin masassara da kuɗin ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

AIKIN KOWANE RESHE

Ƴan'uwa, kuka a zaure ba ya isa kunnen mai mulki. Ga aikin da ke kanku kafin taro na gaba. Kowane reshe ya naɗa mutum uku, cikinsu lalle da mace, su je gidan likitan da ya fi kusa da su. Su yi sallama da ladabi, kada su je da faɗa, domin ma'aikacin nan ɗan'uwanmu ne a wahala. Su tambaya: mutum nawa ke aiki a nan? Nawa ke da lamba, nawa ƴan kwantaragi, nawa ƴan sa-kai? Akwai ungozoma? Haihuwa nawa aka karɓa a watan jiya? Ƙauyuka nawa ke zuwa nan, wanne ya fi nisa? A rubuta amsa a takarda, ba a sa sunan kowa ba, a aiko wa sakataren gunduma. In takardun Magarya da na Dungas suka haɗu, za mu kai su gaban magajin gari da shugaban gunduma da gwamna, da adadi a hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin da yatsa kafin a gyara.

Ku kuma shiga kwamitocin lafiya na garuruwanku, ku zauna a taronsu, ku nemi a karanta lissafin akwati a fili. In ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS ta fito neman hakkin mutanenta, ku saurari abin da take nema kafin ku zage ta, domin yawancin abin da zai gyara zamansu shi zai gyara jinyarmu. Su ma muna kira gare su da su riƙe amana, su tausasa harshe ga matanmu, kada su rama a kan talaka abin da babba ya yi musu.

Wannan ba neman tada zaune tsaye ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙasarmu ce, matanmu ne, ƴaƴanmu ne. Yau ɗin nan, kafin gari ya sake wayewa, mata fiye da 110 za su durƙusa tsakanin Sasumburum da Malawa. Hakkinsu ne su tarad da ƙofa a buɗe, da fitila a kunne, da ungozomar da ta ci abinci ta kuma karɓi albashinta.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In an gama a miƙa takardar ga reshe na gaba, kada ta kwana a aljihu.

Wassalam.